Darasin Turanci: Idan aka ce maka "hopefully", me aka faɗa maka?

Darasin wannan fitowa na kalma ɗaya ne tak, amma kalma ce da ke iya sa mutum asarar kuɗin mota idan bai gane ta ba. Kalmar ita ce "hopefully", ana furta ta kamar "hoffuli". A nan Guéné harshen ofis Faransanci ne, amma waɗanda suka ƙetaro daga Nijeriya kan ji Turanci a rediyo, a saƙon waya, ko a bakin baƙin ma'aikata, kuma sau da yawa yaron da ya yi makarantar boko can shi ne tafintan gida. Iyaye da 'yan tafinta, ku zauna tare ku duba wannan darasi.

Tushen kalmar shi ne "hope", wato fata ko sa rai. Ma'anarta ta farko ita ce yin abu cike da sa rai. "She waited hopefully" na nufin ta jira tana mai sa rai. A nan mun san mai fatan: matar da ke jira. Wannan ba gardama a kansa.

Ma'ana ta biyu ita ce za ku fi ji. Kalmar kan zo a farkon magana, kamar "Hopefully the rice will come on Monday". Fassararta: ana fata shinkafa za ta zo ran Litinin. Ba a ce za ta zo ba, an ce ana fata.

A kan wannan ma'ana ta biyu masu Turanci suka yi shekaru suna cacar baki. Ba sabuwa ba ce, don an same ta a rubuce tun ƙarni na 18, sai dai ba ta yaɗu ba sai wajen 1960, musamman a Amurka. Da ta cika gari sai masu gyaran harshe suka taso mata. Littafin Wilson Follett kan amfani da Turancin Amurka, wanda ya fito a 1966, ya yi tir da ita, wasu kuma suka ce kwaikwayon wata kalmar Jamusanci ce, "hoffentlich". Hujjarsu ita ce: idan ka ce shinkafa za ta zo "hopefully", to shinkafar ce ke sa rai, ko direban motar? Masu kare kalmar suka ce ai "fortunately", wato an yi sa'a, haka take aiki a farkon magana, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ko shinkafa ce ta yi sa'a. Mutane dai suka ci gaba da faɗin abinsu. A watan Afrilun 2012 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya amince wa 'yan jaridarsa su rubuta ta da wannan ma'ana. Ɗalibin da ya yi amfani da ita yau bai yi kuskure ba, ko da yake har yanzu akwai malaman da ba sa son ganinta, don haka a wasiƙar neman aiki ko takardar jarrabawa "I hope" ya fi aminci.

A ganina masu sukar sun faɗi a nahawu, amma tambayarsu tana da amfani gare ku ƙwarai: wa ke fatan? Kalmar ba ta faɗa. Mai maganar na iya zama wanda abin ke hannunsa, yana iya kuma zama ƙaramin ma'aikaci da shi ma jira yake a sanar da shi daga Kandi ko Kwatano. Hausa ma tana da irin wannan rufa-rufar. Idan aka ce "ana sa ran", ba a ambaci kowa ba, ba kuma wanda za ka riƙe idan abin bai yiwu ba.

Ga inda ake samun tuntuɓe. A ce wata uwa ta je tambayar takardar ɗanta, ma'aikaci ya ce "Hopefully next week". Yaro ya juyo ya ce, "Inna, ya ce mako mai zuwa in sha Allahu." Yaron bai yi ƙarya da gangan ba, amma ya canza maganar. Mu a wurinmu mutum kan ɗauki alkawari na gaske sannan ya rufe da in sha Allahu, don gobe ta Allah ce. Uwar za ta ji kamar an yi alkawari, ta ranci kuɗi, ta hau mota zuwa Malanville, ta dawo hannu wofi tana ganin an yaudare ta. Alhali ma'aikacin bai ɗauki alkawari ba. Abin da ya kamata yaron ya ce shi ne, "Inna, yana fata mako mai zuwa, amma bai tabbatar ba."

Duk wanda ke nan ya san misalin gadar Malanville da Gaya, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023. Sau nawa aka ji ana fata za a buɗe ta kwanan nan? Masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗa, sai dai mabuɗin ba a hannunsu yake ba.

Faransanci ma yana da 'yan'uwan wannan kalma, kuma su za ku fi karo da su a nan. "J'espère" shi ne ina fata. "Normalement" da "en principe" sun fi ruɗarwa, don suna kama da tabbaci, alhali nufinsu shi ne: haka aka tsara, idan ba a samu wata tangarɗa ba.

To me za ku yi idan kun ji ɗaya daga cikinsu? Kada ku ji nauyin sake tambaya, ba rashin kunya ba ne. Ku ce, "Malam, an tsayar da ranar ne, ko ana fata?" Da Turanci: "Is the date confirmed?" Da Faransanci: "Est-ce que la date est confirmée?" Idan ba a tsayar ba, ku tambayi wa ke yanke shawara, da kuma inda za a sanar. Kafin ku ji an tsayar, kada ku ci bashi, kada ku sayar da akuya, kada kuma ku ƙarar da hatsin da ke ɗaki don ana fata rabo zai zo.

Aikin gida ga yara: ku fassara wa iyayenku waɗannan biyun, su kuma su faɗa muku wanne ne alkawari. "The clinic will open on Thursday." "Hopefully the clinic will open on Thursday."