Amfani da Zane Wajen Koya wa Ƙananan Yara Lissafi

Zane shi ne matakin da ke tsakanin abin da yaro ke riƙewa a hannu da lambar da ake rubuta masa a allo. Ɗan aji ɗaya a Funtua ko Malumfashi yakan rera ƙirga har ashirin, kuma in an aike shi sayen ƙuliƙuli ba ya kuskuren canji, amma da an rubuta masa 8 − 3 sai ya yi tsuru-tsuru. Lissafin yana kansa, alamar ce baƙuwa a wurinsa.

Masanin ilimi ɗan Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana a 1966 cewa yaro na kama sabon abu ta matakai uku: ya taɓa shi, ya gan shi a hoto, sannan ya gane shi a alama. A kan wannan ne ƙasar Singafo ta gina darasinta na lissafin firamare tun shekarun 1980. Makarantunmu na karkara ba su da matsala da matakin farko, domin tsakuwa da guntayen kara da marafen kwalba ba sa yankewa a aji. Matakin tsakiya ne ake yawan tsallakewa.

Ana farawa da labarin da yaro ya sani. Manomi ya kai buhun masara 8 kasuwar Dandume, ya sayar da 3. Yaro zai zana zagaye takwas a littafinsa, ya soke uku, ya ƙirga saura, sai daga baya a rubuta 8 − 3 = 5 a ƙarƙashin zanen. A wajen tarawa, kashin tumatirin Danja biyu sun wadatar, wannan mai huɗu, wancan mai biyar. Rabawa kuwa, a zana kwano uku, a riƙa ɗiga ƙosai ɗaya-ɗaya har 12 su ƙare. Abin lura shi ne yaron ne zai yi zanen da hannunsa. Wanda ya kalli malami yana zanawa kallo kawai ya yi.

Zanen da ya fi kowanne amfani shi ne akwati mai gida goma, layi biyu, kowanne gida biyar. In an cika gida bakwai, idon yaro na ganin uku sun rage kafin goma ba tare da ya ƙirga ba. Nan Hausa ke taimakon malami ƙwarai, don sunan lambar kansa hoto ne: “goma sha uku” akwati ɗaya ne cike da ɗigo uku a gefe, “ashirin ba biyu” kuma akwati biyu ne da gida biyu babu komai. Tsofaffin da ke ƙirga dami a bakin rumbu da haka suke lissafi tun kafin zuwan boko. Ga ninkawa, gurbin dara da ake haƙawa a gindin bishiya, layi biyar mai rami shida-shida, ya riga ya nuna 5 × 6 = 30. Shirin RANA, wanda aka fara a jihohin Katsina da Zamfara a 2015 da tallafin UNICEF, shi ma da Hausa ya koyar da karatu da lissafin ƙananan azuzuwa.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne ƙawata zane: yaro ya ɓata rabin darasi yana yi wa akuya ƙaho da gemu, lissafin ya bi ruwa. Ɗigo ko ɗan layi ya isa ya tsaya a madadin akuya. Na biyu shi ne hoton abin da yaro bai taɓa gani ba, wanda sai an yi masa bayaninsa kafin a shiga aikin. Tsadar kayan zane kuwa ba hujja ba ce, domin bayan tsohuwar kalanda da gawayi, ko ƙasar filin makaranta da tsinke, suna yin aikin, har ma a ajin da yara suka yi yawa.

Ana janye zane a hankali. Idan yaro ya fara faɗin amsa kafin ya gama zanawa, sai a bar shi da lambobi kawai, a dawo masa da zanen ranar da aka shiga sabon babi ko lambobin suka haura abin da ya saba.