Yadda ake gyara rediyon mota da sa waƙar da kake so a hanyar Madarunfa

Yawancin motocin da ke kai da kawowa tsakanin Madarunfa da Maraɗi, da masu gangarawa Ɗan Isa su tsallaka Jibiya, sun ci rabin rayuwarsu a Turai ko Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome. Rediyon da ke cikinsu an ƙera shi ne don ƙasar sanyi da kwalta mai laushi. Nan kuwa sai ya tarar da ƙurar hunturu, da zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40, da gargadar hanyoyin ƙauye. Ba a daɗewa sai ka ji direba na cewa rediyonsa ya mutu. Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau, fiyus ne ya ƙone ko waya guda ta saki. Don haka kafin ka sa hannu a aljihu, bi abubuwan nan daga mai arha zuwa mai tsada.

Idan ya ƙi kawo wuta sam

Fara da fiyus, wato fizibil. Akwatinsa yana ƙarƙashin sitiyari wajen ƙafar direba, a wasu motocin kuma wajen inji. A jikin murfin akwai zane. Nemi wanda aka rubuta RADIO, AUDIO ko ACC. Zare shi ka ɗaga shi wajen haske. Idan siririn ƙarfen da ke ciki ya tsinke, ya ƙone ke nan. Maye shi da mai lamba ɗaya da shi: ja shi ne 10, shuɗi 15, rawaya 20. Akwai kuma wani fiyus a bayan rediyon kansa, wanda ake yawan mantawa da shi. Kada ka yarda a ɗaura maka silin waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa. Fiyus yana ƙonewa ne don kada wayoyin mota su ƙone, wanda ya toshe wannan hanya ya buɗe wa gobara ƙofa. Idan sabon da ka sa ya sake tsinkewa nan take, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, aikin mai gyaran wutar mota ne.

Idan fiyus lafiya, zaro rediyon ka leƙa bayansa. A motar da ta bi ta hannun mutum uku ko huɗu, abin da za ka gani ba ya wuce wannan: wayoyi an murɗe su da hannu, an naɗe da tef, zafi ya narkar da gam ɗin tef ɗin ya zame, tagulla a tsirara, ƙura ta yi mata ja. A rediyon da aka saya daban aka ɗaura, launin wayoyin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Rawaya tana ɗauko wuta kai tsaye daga batir, ita ke riƙe wa rediyo agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja tana samun wuta ne sai an murɗa makulli. Baƙa ita ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota. Cire kan batir na mainas tukuna, sannan ka feƙe kowace waya, ka haɗa da kyau, in da hali a yi mata dalma, ka naɗe kowace ita kaɗai.

Ja da rawayar nan su ne tushen koke biyu da aka fi ji. Idan kullum ka kashe mota rediyo ya manta tashoshinsa, an musanya su ne. Hakan na yawan faruwa a Volkswagen da Opel, don tsarin soket ɗinsu ya juya waɗannan biyun. Mayar da kowace gurbinta, magana ta ƙare. Idan kuwa kana wayar gari batir ya yi sanyi sai an tura, duba ko an haɗe ja da rawaya wuri guda a kan wutar batir, rediyo na shan wuta dare farai. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 a mita idan mota na kashe, 14 ko kusa da haka idan inji na aiki.

Wani lokaci kuma an canza batir ne sai fuskar rediyo ta nuna CODE ko SAFE. Kariyar ɓarayi ce da ke zuwa da rediyon asali na motoci irin su Renault, Ford, Honda da Volkswagen. Kada ka yi ta cankar lambobi, bayan kuskure kaɗan yana kulle kansa. Duba littafin mota da takardun aljihun gaba, ka kuma duba jikin rediyon, don wasu masu motar na farko sukan rubuta lambar a can.

Idan yana kawo wuta amma sauti ya lalace

Shiga saitin sauti ka nemi BAL da FAD. Na farko yana kai sauti hagu ko dama, na biyu gaba ko baya. Zagaya da sautin kusurwa huɗu, nan take za ka gane sifikar da ta yi shiru da wadda ke zizar ƙudan zuma. Mai zizar nan takardarta ce ta bushe ta yage, ko ruwan damina ya bi ta gilashin ƙofa ya jiƙa ta, sai canji. Mai shiru kuwa kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Cire wayoyinta biyu daga bayan rediyo ka taɓa su a kan batirin tocila ƙarami mai bolt 1.5. Idan ka ji ƙas-ƙas daga ƙofa, sifika da wayarta lafiya, laifin na rediyo ne. Idan ba ka ji komai ba, janye robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi ke lanƙwasa duk buɗewa da rufewa. A motar haya da ake buɗe ƙofarta wuni guda, nan ne waya ta fi karyewa.

Wayoyin sifika bibbiyu suke: fari na gaba hagu, toka na gaba dama, kore na baya hagu, shanshanbale na baya dama, kowane da abokinsa mai baƙin layi. Kada a ɗaure ko ɗaya a jikin ƙarfe kamar yadda ake yi wa rediyon zamanin da. Na zamani ba ya jure haka: ko ya yi shiru gaba ɗaya, ko abin ƙara sautin da ke cikinsa ya ƙone.

Akwai kuma siririn kuka da ke tashi idan ka taka totur, ya sauka idan ka ɗaga ƙafa. Wannan daga wutar caji yake shigowa. Kwance baƙar waya, kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam. Idan kukan na zuwa ne lokacin da salula ke caji kuma tana haɗe da rediyo ta waya, zare cajar ka ji. Yawanci ita ce.

Tashoshi kuma, idan Muryar Sahel ko Anfani na shigowa da shuu alhali a gida suna fita tas, duba eriya da soket ɗinta a bayan rediyo. Amma akwai abin da ba lalacewa ba ne. Rediyon motar Amurka yana tsallen lamba ne, 88.1, 88.3, 88.5, ba ya tsayawa a kan mai ƙarewa da 0, 2, 4, 6 ko 8, don haka tashar da ke can ba za ta taɓa fita sosai ba. Tsohon rediyon da aka yi don kasuwar Japan kuwa daga 76 zuwa 90 ya tsaya. Babu bugun da zai gyara wannan.

Yadda za ka sa taka waƙar

Duba fuskar rediyonka, abin da ke wurin shi zai gaya maka hanyar bi.

Idan kaset yake ci, akwai kaset na roba mai jelar waya da ake cusawa a ciki, a soka jelar a salula. Goge kan da ke karanta kaset da auduga da ɗan sifirit tukuna. Faifan CD kuwa ni ban ga amfanin wahala da shi ba a nan. Ƙura na rufe idon da ke karanta shi, gargada na sa shi tsalle, rana na lanƙwasa faifan. Ana tsakiyar Bakandamiyar Shata sai ya maƙale a kan kalma guda.

Idan akwai ƙaramin rami da aka rubuta AUX, ka huta. Waya mai kai biyu ta isa. Salular da ba ta da ramin abin kunne tana buƙatar ɗan mahaɗi da ake sokawa a wurin caji, ko ka sayi ƙaramin Bluetooth da ake maƙalawa a ramin AUX ɗin.

Idan babu ko ɗaya, sai ɗan abin nan da ake sokawa a ramin kunna taba, wanda ke karɓar waƙa daga salula ko memori ya watsa ta ga rediyonka kamar ƙaramar tasha. Saita shi haka: kashe shi, murɗa rediyo har ka sami lambar da babu komai sai shuu, ka matsa gaba da baya kaɗan ka tabbata babu tasha a maƙwabtaka, sannan ka kunna shi ka sa masa wannan lamba daidai. Ƙara sautin salula ya kusa ƙurewa, ka riƙa daidaitawa daga rediyo. A yankinmu abin na da ɗan wuya, domin tashoshin Maraɗi na shigowa ta arewa, na Katsina ta kudu. Lambar da ke fanko a bakin tafkin Madarunfa tana iya cika da magana kafin ka kai Jibiya. Nemi lambobi biyu ka ajiye su a maɓallan rediyo. Mai rediyon Amurka ya zaɓi lamba mai ƙarewa da mara. Mai na Japan ya nema tsakanin 87.5 da 90.

Wanda duk rediyonsa ke da ramin USB ko na memori, shi ya fi kowa sa'a, kuma ita ce hanyar da na fi yarda da ita. Babu abin da ke juyawa balle ƙura ta tsayar da shi, ba ruwanka da intanet da ke ɗaukewa a daji, ba ruwanka da salula da ke tsallakawa layin Najeriya idan an kusa iyaka, kira kuma ba ya katse maka waƙa. Sai dai shirya filash ɗin na da ƙa'ida, kuma nan ne mutane da yawa ke cewa rediyo ya lalace alhali filash ɗin ne bai dace ba.

Sayi mai giga 8, 16 ko 32, kada ya wuce haka; tsofaffin rediyo da yawa ba sa karanta manya. Ka yi hattara da mai babbar lamba da arhar banza, na jabu ne, yana karɓar waƙa ɗari biyar ka tarar rabi ba sa buɗewa. Kai shi wurin mai kwamfuta a goge shi a tsarin FAT32, ka faɗa masa sunan da bakinka. Sannan ka ce MP3 kake so zalla. Wa'azi ko waƙar da aka turo ta WhatsApp, da bidiyon da aka sauko da shi daga YouTube ko TikTok, sukan zo a wani tsari da rediyo bai sani ba. Sai an juya su zuwa MP3. Masu tura waƙa a tasha da kasuwa sun iya, amma ka sa a duba filash ɗin da maganin bairos kafin ka karɓa, domin akwai wanda ke ɓoye waƙoƙi duka ya bar maka fanko.

Raba su jaka-jaka, ka sa wa kowace lamba a farkon suna: 01 karatun Alaramma Ahmad Sulaiman na fitar asuba, 02 tafsirin Malam Ja'afar, 03 su Shata da Ɗan Anace da Ɗan Maraya, 04 Mamman Barka, 05 su Umar M. Shareef da Hamisu Breaker don samarin da ke bayan mota. Kada ka cusa jaka cikin jaka. Da haka danna ɗaya ko biyu ya ishe ka, ba sai ka ɗauke ido daga hanya ba. Zaɓi guntun filash wanda ba ya tsinin waje, don dogo gwiwar fasinja ko gargada na karya ramin. Idan ba a amfani da ramin, toshe shi da murfinsa ko ɗan tef.

Idan sai an sayi sabo

Auna gurbin tukuna. Siririn gurbi faɗinsa santimita 18 ne, tsayinsa 5. Babba 18 da 10. Nemi marar CD, mai USB da memori da AUX da Bluetooth, mai maɓallin murɗawa, domin allon taɓawa sai an kalle shi. Kada 4x50W da ke jikin kwali ya ruɗe ka, ƙarfin gaske bai cika wuce wat 20 ga kowace sifika ba, na arha ma bai kai ba. A gwada maka shi da naka filash a shagon kafin ka ƙirga jikkunanka. Direban babbar mota ya tuna wutarsa bolt 24 ce. Rediyon bolt 12 na ƙonewa nan take idan ba a sa masa abin rage wuta ba.

Salula kuma kada ta zauna a kan dashbod cikin rana, batirinta na kumbura. Abin kunne ba na mai tuƙi ba ne ko kaɗan. Hanyar nan ta shanu ce da amalanken jaki da 'yan kabu-kabu da yara masu talla, dole kunnenka ya ji oda da ihu, ya kuma ji idan taya ko inji ya canza murya. Rage sauti a shingen jandarma da na duwan, da gaban masallaci, da inda ake zaman makoki. In kuwa motar haya ce, malam direba, ka dubi waɗanda ka ɗauko kafin ka danna: jakar da ta dace da samari 'yan kasuwar Jibiya daban take da wadda za ka sa wa dattawa masu zuwa ziyarar kushewun waliyyai a bakin tafki. Zaɓi jakar tun kana tasha, kafin ka sa giya.