Zaɓen Tsiron da Za a Duba a Madubin Ƙara Girma

Sau da yawa za ka tarar da madubin ƙara girma, wanda 'yan boko ke kira maikiroskof, a kulle cikin kabad ɗin makaranta, ana cewa ba a kawo kayan dubawa daga ƙasar waje ba. Wannan uzuri ba ya tsayawa a garin Bauchi, domin yawancin abin da ɗalibi yake bukata yana shimfiɗe a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti. Abin da ya rage shi ne sanin wanda za a ɗauka, kuma ma'aunin farko shi ne kauri.

Madubin makaranta da haske yake aiki. Hasken yana tasowa daga ƙasa, ya ratsa abin da aka ɗora a kan gilashi, sannan ya iso ido. In abin ya yi kauri, duhu kawai za ka gani, ko da ka ƙara girmansa sau 400. Robert Hooke na Ingila, wanda ya wallafa littafinsa a 1665, bai ga ɗakunan nan da ake kira ƙwayoyin halitta ba sai da ya sa wuƙa mai kaifi ya fere ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, har ya zama shara-shara. Saboda wannan dalili ne albasa ta fi komai sauƙi ga mai koyo. Fatar nan ta cikin saɓarta, wadda kan manne a yatsar mai girki, layi ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta. A saɓule ta, a shimfiɗa a kan ɗigon ruwa ba tare da ta naɗe ba, a ɗiga aidin, a rufe da ƙaramin gilashi a karkace don kada iska ta shiga. Sai ga ƙwayoyin a jere kamar tubalin gini, kowace da cibiyarta. Jar albasa ma tana da wata fa'ida: in aka ɗebi fatar waje mai launi aka sa mata ruwan gishiri, za a ga jan yana tsukewa yana rabuwa da bangon ƙwayar, don ruwan ciki ya fita.

To, amma albasa ba ta biyan kowace bukata, kuma nan ne malamai da dama ke tsayawa da wuri. Fatarta ba ta da koren nan da tsiro ke haɗa abinci da shi. Mai son ganinsa sai ya nemi gansakuka mai zare-zare a kududdufi da damina, wadda ba ta bukatar yanka. Mai neman ƙofofin numfashin ganye kada ya wahalar da kansa da yanka ganyen mangwaro, ya yi tauri. A shafa man farce marar launi a bayan ganye, in ya bushe a ɓare shi, hoton ƙofofin zai fito a jikinsa. Ɗan ruwan da aka kankaro daga dankalin Turawa ko rogo yana nuna ƙwayoyin sitaci, aidin kuma ya mayar da su shuɗi mai duhu. Ƙwayoyin garin furen kuɓewa manya ne, masu ƙaya, ana ganinsu a ƙaramin matakin ƙara girma.

Wani zai ce ai gilasan da aka shirya a kamfani sun fi kyau. Gaskiya ne, ga yankan saiwa ko kara, inji ya fi reza, kuma ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa yana bukatarsu. Sai dai matacce ne abin da ke ciki, ba zai tsuke a ruwan gishiri ba, yaro kuma bai san yadda aka yi aka samo shi ba. Wani kuma zai kawo zancen wuta, alhali madubi mai ɗan gilashin haske a ƙasa hasken taga ya ishe shi, muddin ba a juya shi ga rana tsaye ba, don hakan na lalata ido. Ƙorafin da ke da ƙarfi shi ne na bushewa. Da hunturu, ɗigon ruwa kan ƙafe kafin layi ya zo kan ɗalibi na ƙarshe, ganye ma kan bushe, saboda haka a tsinko shi da safiyar ranar, a ajiye shi cikin ruwa ko leda. Tumfafiya kuwa, duk da tana ko'ina a bayan gari, a bar ta: nononta yana yi wa ido illa, yara kuma da hannu suke murza ido.