Kafin a saya wa Baba keken lantarki

Idan ciwon gwiwa ya fara hana Baba zuwa masallaci, keken zama mai batir zai iya sake fitar da shi cikin jama'a. Amma a fara duba hanyar da zai riƙa bi. Mai taya 3 ya fi saurin juyawa a soro da lungu, sai dai a kan yashi ko gargada mai taya 4 ya fi tsayawa daram. Ni shi nake zaɓa wa dattijo, don karaya a shekarun tsufa tana wuyar warkewa.

A auna faɗin ƙofa da tudun dokin ƙofa, a duba nauyin da keken ke ɗauka. Gudun kilomita 6 a sa'a ya wadatar. Batirin lithium bai kai na gargajiya nauyi ba, amma ya fi tsada. Kowanne ne, cajinsa na cin sa'o'i, sai a tanadi wuta ko sola, a kuma raba batirin da zafin rana.

A bar Baba ya gwada tuƙawa da kansa. In ganinsa ya raunana ko hannunsa na rawa, a fara ganin likita.