IDON ƘOFAR GAREJI: YADDA AKE ƊAURA SHI, DA ABIN YI IN ƘOFA TA ƘI RUFUWA

Darasinmu na yau na ƙofa ne, irin mai inji da ake buɗewa da rimot, wadda wasunmu suka fara sawa a gareji ko a siton abinci. In kana da ita ko kana shirin saye, don Allah ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ni na sa tawa a siton da nake ajiye buhunan abinci da motar kai ƙwai. Ta hannu ce, 'yar Amurka. Ta yi wata da watanni lafiya lau, sai da hunturu ya shigo ta fara gardama. In an danna rimot sai ta sauko kamar taƙi ɗaya ta koma sama, fitilar injin ta yi ta ƙiftawa. Yaron gona ya gaji da ita, sai ya yi dabara irin tamu: ya kwance idanun nan guda biyu daga ƙasa, ya haɗa su fuska da fuska, ya naɗe da baƙin tef ya rataye a sama. Ƙofa ta ci gaba da rufuwa, ni kuma ban san an yi ba. Wata rana da yamma ina cikin mota na danna rimot, ashe ɗana ɗan shekara uku ya biyo wata kaza ya durƙusa a bakin ƙofar. Wallahi ba ta tsaya ba. Mai wanke mana kwanukan ruwa ne ya fizgo shi ta riga. Ƙofa babba tana iya haura kilo 100, nauyin buhu huɗu na abincin kaji ke nan.

Shi wannan ido, wanda masu gyara suke kira sensa, guda biyu ne, ɗaya a kowane gefen ƙofa daga ciki. Ɗaya yana harba haske irin wanda idon mutum ba ya gani, kamar na rimot ɗin talabijin, ɗayan yana karɓa. Muddin hasken yana isa, inji zai yarda ya rufe. Da zarar wani abu ya gitta, sai ƙofa ta tsaya ta koma sama tun ba ta taɓa shi ba. A Amurka tun daga farkon 1993 doka ta tilasta irin wannan kariya a kan duk injin ƙofar garejin gida da aka ƙera, saboda yaran da ƙofa ta danne suka rasu. Don haka in an kawo maka inji na hannu babu idanu, ka sani an cire su ne ko kuma ya tsufa sosai, kada ka karɓa a haka.

Wajen ɗaurawa, fara zare wutar injin. Maƙallan suna kamawa a jikin ƙarfen da ƙofa take bi, ko a bango. Babbar ƙa'ida ita ce tsayi: kada idon ya wuce inci 6 daga ƙasa, wato santimita 15. Na ga wanda ya ɗaga nasa har gwiwa wai don kada baro ya buge shi. To yaro mai rarrafe zai wuce ta ƙarƙashi, ƙofa ba ta san da shi ba. Kuma kada ka dogara da awo daga daɓe kawai, yawancin daɓen sitonmu gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Ni zare nake ɗaurawa daga wannan ido zuwa wancan in ja shi ya miƙe, in duba da abin gwada daidaito na magina. Sai ka lura da inda rana take shigowa, ido mai karɓa ka sa shi a gefen da ba za ta haske shi kai tsaye ba.

Waya siririya ce mai layi biyu. A injin Chamberlain da LiftMaster ɗaya fara ce, ɗaya fara mai ratsin baƙi. Ka fere bakin kowace kamar santimita ɗaya, ka murɗe farare biyun tare su shiga farin rami, masu ratsin su ma tare su shiga rami mai ruwan toka. Na wani kamfani kuma ka bi littafinsa, kuma kada ka haɗa idon wani kamfani da injin wani. A ƙasar da aka ƙera shi da 'yan ƙusoshi ake manna wayar a bango. A siton abinci wannan ba zai yi ba. Inda masara da dusa suke ɓera yana nan, kuma wayar nan cizo ɗaya ce a wurinsa. Sa ta a cikin bututun roba tun daga ƙasa har sama, ka huta.

Af, kafin in manta. Injin da aka yi don Amurka wutar 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce. Ka karanta rubutun da ke jikinsa. In 120 ne, sai da tiransifoma mai rage wuta, in ba haka ba jonawa ɗaya zai ƙone.

In ka mayar da wuta sai ka dubi 'yan fitilun jikin idanun. A irin nawa, mai harbawa fitilarsa ruwan ɗorawa ce, kuma ita tana kamawa ko an saita ko ba a saita ba, kada ta ruɗe ka. Ta mai karɓa koriya ce, ita ce alƙali. Sassauta notin, ka riƙa juya idon a hankali har koriyar ta tsaya cak ba ta rawa, sannan ka ɗaure. Bayan ka ɗaure, girgiza ƙarfen da hannu. In ta ƙifta, saitin a baki-baki yake, gobe ƙofa tana motsi za ta sake ɓata.

To ga ƙofa ta ƙi rufuwa, daga ina za ka fara? Tambayi kanka tukuna: tana buɗewa? Idanun nan ba ruwansu da buɗewa. In ba ta buɗewa kuma ba ta rufuwa, nemi matsalar a wuta ko rimot ko injin kansa. In tana buɗewa lafiya amma ta ƙi sauka, fitilar injin tana ƙiftawa sau 10, to idanun ne.

Abin da ya fi yawa a wurinmu ƙura ce. Tawa ma abin da ya same ta ke nan, ƙurar hunturu da garin abinci sun like a gilashin, ga yanar gizo-gizo a kai. Tsumma mai laushi busasshe ya isa, aikin minti ɗaya, kuma a kansa ne aka kusa yi min asarar da ba ta da magani. Bayan ƙura sai bugu. Baro ko buhu ya taɓa maƙalli ya karkace kaɗan, ido ba zai gani ba amma koriyar za ta mutu. Duba kuma ko an jingina tsintsiya ko shebur a bakin ƙofa, ko wani buhu ya leƙo.

In kullum a lokaci ɗaya take yi, misali da hantsi ko da la'asar, sauran yini kuma lafiya, rana ce take makantar da mai karɓa. Ka musanya musu gefe, ko ka yanki guntun bututu ka yi masa rumfa, ka tabbata bai tare hasken ɗan uwansa ba.

In fitilun duka biyu sun mutu alhali inji yana da wuta, zargi waya. Ko ta tsinke, ko layukan biyu sun haɗu a inda ɓera ya ci ko ƙusa ta huda. Wasu sababbin injuna suna kashe fitilun in sun daɗe ba aiki, don haka danna maɓalli ka tashe shi tukuna. Hanyar da nake bi in raba gardama: in kwance idanun, in jona su a jikin injin da guntuwar waya sabuwa, in riƙe su suna kallon juna. In fitilu sun kama, idanun lafiyarsu ƙalau, wayar bango ce za a canja. In ba su kama ba, sai a nemi sababbi. Wannan gwaji ne kawai, ana gamawa a mayar da su ƙasa. Barinsu a haka shi ne abin da yarona ya yi.

Idan dare ya yi ba a samu gyara ba kuma dole a kulle kaya, danne maɓallin bango ka riƙe har ƙofa ta kai ƙasa, za ta rufu, amma kana tsaye kana kallonta. Shi maɓallin nan a kafa shi sama da ƙafa biyar, inda hannun yaro ba zai kai ba. Jar igiyar da ke raba ƙofa da inji kuwa, an fi so a ja ta ƙofa tana rufe, don in sifirin ya karye za ta iya faɗowa gaba ɗaya. Sifirin ɗin kansa kada ka sa masa sifana, aikin mai gyara ne, ya karya hannun mutane da yawa.

Duk wata ina yin gwaji biyu, ranar da nake biyan albashi don kada in manta. Na farko in ajiye kwalin da ba komai a tsakiyar ƙofa in danna rimot, bai kamata ta sauko ba. Na biyu in kwantar da katako mai kaurin inci ɗaya da rabi a ƙasa, in ta taɓa shi dole ta koma sama. In ta danne shi ta zauna, a daina amfani da injin sai an saita ƙarfinsa. Ku kuma sani hasken nan layi ɗaya ne siriri, ɗan tsako zai iya wucewa ta ƙarƙashinsa ba a gan shi ba, don haka ranar da aka sauke kwalayen 'yan tsaki a sito, rimot a aljihuna yake kwana.