DARASI: MATSIRGAR RUWA TA MURCHISON DA DABBOBIN KOGIN NILU

Yaran da suka koyi labarin Musa cikin kwando a Makarantar Lahadi sun san Kogin Nilu a matsayin kogin Masar. Amma ruwan nan yana yin doguwar tafiya kafin ya kai can. Ɗaya daga cikin rassansa yana fitowa ne daga Tafkin Biktoriya a ƙasar Yuganda, ya nufi arewa, sa'an nan ya juya yamma zuwa Tafkin Albert. A kan wannan hanya ne gandun namun daji na Murchison yake, kimanin kilomita 300 daga Kampala, babban birnin ƙasar. Shi ne gandu mafi girma a Yuganda, kuma an kafa shi a shekarar 1952.

Abin da yake kai baƙi wurin shi ne matsirgar ruwa. Kogi mai faɗi yana zuwa sai duwatsu su matse shi cikin wani tsagi wanda faɗinsa bai wuce mita 7 ba, daga nan ya zuba ƙasa tsawon mita 43. Mai tsayawa a saman dutsen yakan ji ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafafunsa, feshin ruwa kuma ya jiƙe shi sharkaf tun bai matso ba. Masu ziyara da yawa sukan shiga jirgin ruwa a Paraa, su hau kogi a hankali har gindin matsirgar. A hanya ana ganin dorinai cunkus a ruwa, kadoji suna shan hantsi a bakin gaɓa, giwaye da ɓauna suna saukowa shan ruwa. A arewacin kogin akwai zakoki da raƙuman dawa, a inda ruwa ya shiga Tafkin Albert kuwa akwai wani tsuntsu mai baki kamar takalmi, wanda masu nazarin tsuntsaye suke zuwa nema daga ƙasashe masu nisa.

Sunan wurin yana da nasa labari. Wani Bature, Samuel Baker, da matarsa Florence sun isa can a 1864, suka sa masa sunan Roderick Murchison, shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila, mutumin da bai taɓa ganin ruwan ba. A zamanin Idi Amin aka sauya sunan zuwa Kabalega, wato sarkin Bunyoro wanda ya yaƙi Turawa har suka kama shi a 1899. Daga baya tsohon suna ya dawo.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa dajin nan ba kufai ba ne tun asali. Mutane suna zaune a ciki, suna noma suna kamun kifi, har sai da ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake yaɗawa, ya yi ɓarna ƙwarai. Tsakanin 1907 da 1912 gwamnatin mulkin mallaka ta kwashe jama'a daga yankin. Gonakin da aka bari ne dabbobi suka gada.

Dabbobin sun yi yawa sosai. A shekarun 1960 giwaye sun haura dubu goma, har suna karya itatuwan da suke dogara a kansu. Amma bayan Amin ya karɓi mulki a 1971 doka ta lalace, sojoji da mafarauta suka shiga harbi da bindigogin yaƙi saboda haure da nama. Cikin shekara goma kawai giwayen suka koma ƙasa da dubu biyu. Karkanda kuwa ta ƙare ƙaƙaf a duk faɗin Yuganda a farkon shekarun 1980, daga baya, a 2005, aka shigo da waɗansu daga Kenya, aka ajiye su a Ziwa, nesa da gandun, ana gadinsu dare da rana. Tawayen arewacin ƙasar ma ya hana baƙi zuwa na tsawon shekaru. Sai da aka sami zaman lafiya garkuna suka soma komowa.

Haɗarin yanzu ba ya ƙara kamar bindiga. Talakawan ƙauyukan da ke kewaye sukan ɗana tarkon waya don su kama barewa, amma waya ba ta zaɓe: takan yanke hancin giwa ko ƙafar raƙumin dawa. Da wuya a ɗora wa manomin laifi shi kaɗai, tun da giwa takan cinye masa gonar shekara a dare ɗaya. Ga kuma man fetur da aka gano a yankin Tafkin Albert. A 2023 kamfanin TotalEnergies ya fara haƙa rijiyoyi a cikin gandun, arewa da kogi, kuma an shimfiɗa hanyoyin kwalta inda dā sawun ɓauna ne kawai. Gwamnati tana kallon kuɗin makarantu da asibitoci, masu kiyaye daji kuwa suna kallon giwayen da ƙarar injuna za ta iya korowa zuwa gonakin mutane.