Amsar Tambaya: Taransifomar da ba ta da rubutu

Ƙaramar taransifomar da masu gyara a Ɗambatta ko Bichi ke cirowa daga tsohuwar rediyo, mita ce ke bayyana wayoyinta, tun ba a kai ta ga wuta ba. A sa mitar a ma'aunin om, a gwada wayoyin bibbiyu. Waɗanda suka nuna ɗaruruwan om su ne mashigar wutar gida mai bolt 230. Masu om kaɗan su ne mafita. In uku ne, ta tsakiya ta raba naɗin biyu, kamar 12-0-12. Idan mita ta nuna mashiga na haɗe da mafita ko da ƙarfen jikinta, a jefar da taransifomar, domin tana iya kisa.

Gwajin farko a kan wutar gida, a jera mashigarta da ƙwan fitila mai zare, wat 60. Ya haska sosai, akwai matsala, a cire nan take. Bai haska ba, sai a auna mafita a ma'aunin AC. Bolt 12 kan koma kusan 16 bayan diyod huɗu da kafasita.

Batirin sola da ya yawaita a ƙauyuka kuwa, wutarsa DC ce: haɗa shi kai tsaye da taransifoma na iya ƙona naɗin.